Sabuwar Manhajar Wallafa da Nauyin da Ta Ɗora wa Marubucin Hausa

Gabatarwa

A ranar 6 ga watan Disamba na shekarar 2018 masu kula da manhajar WordPress suka fitar da zubi na 5.0, wanda ya zo da sabon dandalin tsara rubutu da aka raɗa wa suna Gutenberg. An ɗauko sunan ne daga Johannes Gutenberg, mutumin birnin Mainz na ƙasar Jamus, wanda ya kawo ɗab'i da ƴan haruffan ƙarfe a nahiyar Turai cikin ƙarni na 15. Ita kuwa WordPress, tun da aka ƙirƙiro ta a 2003 ta yi ta bunƙasa har ta zama manhajar da aka fi wallafa rubutu da ita a intanet. Saboda haka duk sauyin da aka yi mata yakan shafi malamai da ɗalibai da ƴan jarida masu rubutu da Hausa, tun daga Yamai da Damagaram har zuwa Kumasi da Garwa da Injamena, ko sun san da sauyin ko ba su sani ba.

Masu sana'ar kwamfuta sun daɗe suna muhawara a kan wannan sauyi, wasu na yabo, wasu na kushewa, har aka tanadi wata ƴar manhaja domin waɗanda suka fi son tsohon tsari su ci gaba da aiki da shi. Sai dai ba kasafai muhawarar tasu take waiwayar harsuna irin Hausa ba. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, sabuwar manhajar alheri ce ga marubucin Hausa, amma ta tattara ayyukan mutum huɗu ko biyar na maɗaba'a ta ɗora su a kan mutum ɗaya, kuma da yawa daga cikin masu rubutu sun karɓi sauƙin sun bar nauyin. Hausawa kuwa na cewa kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Abin da Sabon Tsarin Ya Zo da Shi

A tsohon tsari, marubuci yakan tarar da farin fili guda, kamar takardar da aka zura a tafireta, sai ya zuba rubutunsa daga farko har ƙarshe. A sabon tsari kuwa an yanka rubutun gunduwa-gunduwa, ana jera su kamar tubalan gini. Sakin layi tubali ne, kan magana tubali ne, haka hoto da jadawali da zancen wani da aka ɗauko. Ana iya ɗaga tubali a kai shi sama ko a sauko da shi ƙasa ba tare da an taɓa sauran ba, ana kuma iya duba yadda rubutun zai fito a wayar hannu tun kafin a sake shi.

Mai nazarin Hausa yana da riba a nan, kuma ya kamata a faɗe ta. Rubutacciyar waƙa ita ce ta fi shan wahala a hannun masu wallafa, domin tsarinta yana cikin layukanta. Idan aka danna madannin Enter a ƙarshen kowane ɗango, sai kowane ɗango ya zama sakin layi mai zaman kansa, tazarar da ke tsakanin ɗango da ɗango ta yi daidai da wadda ke tsakanin baiti da baiti. Daga nan ɗalibi ba zai iya bambanta ƴar ƙwar biyu da ƴar ƙwar biyar da ido ba, balle ya gane inda babban amsa-amo yake da inda ƙarami yake. Sabuwar manhajar tana da tubali na musamman domin waƙa, wanda ke riƙe layuka da tazara yadda mawaƙi ya tsara su. Wanda bai yi amfani da shi ba, zai iya haɗa Shift da Enter domin ya sauka sabon layi a cikin baiti ɗaya.

Haka abin yake ga nahawu. Malamin da ke son ya jera lamirin suna na shuɗaɗɗen lokaci na ɗaya kusa da na biyu, wato mun da muka, kun da kuka, sun da suka, ko kuma ya nuna giredin aikatau bakwai da F. W. Parsons ya tsara, a da yakan yi ta danna madannin tazara har kalmomin su daidaita a fuskar kwamfutarsa. Da zarar an buɗe rubutun a waya sai jerin ya wargaje. Tubalin jadawali ya kawar da wannan matsala. A zubi na 6.3, na shekarar 2023, an ƙara hanyar sanya ƙarin bayani na ƙasan shafi, abin da masu rubutun ilimi suka daɗe suna bukata. Duk waɗannan ci gaba ne na gaske. Matsalar tana cikin abin da ake zubawa a tubalan.

Aikin da Maɗaba'a Take Yi a Da

Daidaitaccen rubutun boko bai faɗo daga sama ba. A 1912 Hanns Vischer, wanda Hausawa suka yi wa laƙabi da Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojinsa na rubuta Hausa da haruffan Romawa. Marubutan farko sun yi ta laluben yadda za su nuna sautukan da babu su a Turanci, wasu na sa ɗigo a ƙarƙashin harafi, wasu na maƙala masa waƙafi a sama. A shekarun 1930, zamanin da Rupert East ke jagorantar Hukumar Talifi a Zariya, aka tsaya a kan baƙaƙe masu ƙugiya. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita a 1939, da Abubakar Imam a matsayin edita, da Kamfanin Gaskiya da aka kafa a 1945, su suka shigar da wannan tsari cikin idon jama'a. An kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955. A 1966 UNESCO ta tara masana a Bamako domin daidaita abacadan wasu harsunan Afirka ta Yamma, har da Hausa, sannan aka sake zama a Yamai a 1980 domin kusanto da rubutun Nijar da na Nijeriya. A 1999 gwamnatin Nijar ta fitar da dokar da ta tsayar da ƙa'idojin rubutun Hausa a ƙasar.

Taro da doka suna tsayar da ƙa'ida, amma ma'aikatan maɗaba'a ne suke raya ta. Rubutun da ya bar hannun marubuci yakan bi ta hannun edita, ya je ga mai jera haruffa, ya dawo ga mai duba kurakurai, kafin a kai shi kan inji. Marubucin da ya manta ƙugiya akwai wanda zai sa masa, wanda ya haɗe kalmomi biyu akwai wanda zai raba su. Shi ya sa ɗalibin da ya tashi da karatun littattafan Zariya, ko na cibiyar INDRAP da ke Yamai, yakan koyi ƙa'ida ta hanyar gani tun kafin a koya masa ita a aji. A yau madanni guda ne tsakanin marubuci da dubban masu karatu. Shi ne edita, shi ne mai jera haruffa, shi ne mai duba kurakurai, kuma manhajar da ke gabansa ba ta san Hausa ba.

Ƙugiya da Inda Take Ɓacewa

A da ana iya kawo uzuri cewa na'ura ba ta da haruffan Hausa. Wannan uzuri ya daɗe da faɗuwa. Tsarin Unicode, wanda ya fara fita a 1991, ya bai wa kowane harafi lambarsa ta dindindin, kuma ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, manya da ƙanana, duk suna ciki. Sabuwar manhajar tana karɓar su, tana adana su yadda aka rubuta. To, a ina suke ɓacewa?

Wuri na farko shi ne allon rubutu. A Nijar da Kamaru da Cadi allon Faransanci ya fi yawa, a Gana da Nijeriya kuwa na Ingilishi, kuma babu ƙugiya a ko ɗaya daga cikinsu. Amma Windows tana da tsarin allon Hausa, manhajar Keyman ta ƙungiyar SIL kyauta ce, a waya kuma Gboard yana da Hausa. Girka ɗaya daga cikinsu aikin ƴan mintoci ne, kuma sau ɗaya ake yin sa.

Wuri na biyu shi ne salon haruffan da aka zaɓa domin ƙawata rubutu. A cikin Unicode, ƙananan ɓ da ɗ suna zaune ne a rukunin alamomin ilimin furuci, su kuwa ƙ da ƴ da dukkan manyan haruffan huɗu suna wani rukuni dabam na ƙarin haruffan Romawa. Mai zana salon haruffa da ya yi aikinsa domin harsunan Turai yana iya tsallake rukuni ɗaya ko duka biyun. Idan haka ta faru, na'urar mai karatu takan aro harafin daga wani salo, sai a ga ɗ ta fi ƴan'uwanta girma ko ta karkace a tsakiyar kalma, wani lokaci ma ɗan akwati ne fanko zai fito a gurbinta. Marubuta da dama da suka ga wannan muni sai suka yanke cewa ƙugiyar ce matsala, suka daina sa ta. Alhali akwai salo irin su Charis SIL da Andika da Gentium da Noto waɗanda ke ɗauke da haruffan Hausa cif, kuma ba a biyan ko sisi a kansu. Gwajin mai sauƙi ne: a rubuta jimla guda mai ɗauke da haruffan takwas, a duba ta a kwamfuta da waya, a tsaye da gicciye da kuma mai kauri, kafin a amince da kowane salo.

Wuri na uku ya fi shafar jami'o'i. Kafin Unicode ta yaɗu, masana sun yi dabarar ƙera salon haruffa na musamman, kamar Rabi'at da Abdalla waɗanda Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya samar a shekarun 1990. Dabarar ta yi amfani ƙwarai a zamaninta, kuma da ire-irenta aka buga kundaye da mujallu masu yawa. Yadda irin waɗannan salo suke aiki shi ne, a ɗauki gurbin wani harafi ko wata alama da Hausa ba ta bukata, a zana mai ƙugiya a wurin. Wasu sun yi amfani da q da x da v, wasu da alamomin baka. A takarda komai yakan fito daidai. Amma idan aka kwafo rubutun aka zuba a sabuwar manhaja, zanen ya tafi, asalin harafin ya bayyana, sai a ga qasa da xalibi da vangare, ko kuma }asa da ]aya. Wasu sukan yi gyaran gaggawa, su umarci kwamfuta ta mayar da kowace v ta zama ɓ, sai sunayen baƙi da na littattafan Turanci da Faransanci su lalace, Vischer ya koma Ɓischer. Gyaran da ya dace yana bukatar a bi rubutun da ido bayan musanyar, musamman wuraren da aka ambaci sunaye.

Waƙafin Sama da Gyaran da Ba a Nema Ba

Akwai harafi guda da Nijar da Nijeriya suka bambanta a kansa. A Nijar ana rubuta ƴa da ƴanci, a Nijeriya kuwa 'ya da 'yanci. Kowanne daidai ne a ƙasarsa, kuma ba wannan ne wurin sake buɗe muhawarar ba. Abin lura shi ne yadda na'ura take ɗaukar su. WordPress, kamar manhajojin buga rubutu da yawa, tana sauya miƙaƙƙen waƙafin sama ya zama lanƙwasasshe. Idan waƙafin ya zo a farkon kalma, sai ta ɗauka buɗe zancen wani ake yi, ta juya shi baibai, 'yan ta koma ‘yan. An keɓe wasu ƴan kalmomin Ingilishi da ke farawa da waƙafi domin kada wannan ya same su, amma ba a yi tunanin Hausa ba a lokacin da ake jera su. Mai bin tsarin Nijar ya tsira daga wannan, sai dai shi ma yana da tasa matsalar: wanda ya nemi kalmar 'yanci a ma'adanar rubutu ba lalle ne ya samo maƙalar da aka rubuta ƴanci ba. Tunda masu karatun Hausa ba su san iyakar Maraɗi da Katsina ba wajen neman ilimi, ya kamata mai wallafa ya sanya siffofin biyu a cikin kalmomin nema da yake liƙa wa maƙalarsa, ya kuma tsaya a kan tsari ɗaya a cikin rubutun kansa.

Sai kuma gyaran da na'ura ke yi ba tare da an tambaye ta ba. Wanda ya fara rubutunsa a manhajar da aka saita da Faransanci zai tarar an sa masa tazara kafin alamar tambaya da alamar motsin rai da ruwa biyu, an kuma sauya masa alamar zancen wani zuwa irin ta Faransawa, alhali ƙa'idar Hausa ba ta san wannan ba. Wanda aka saita masa Ingilishi kuwa, duk inda ya rubuta i ta amsawa sai ta zama babban baƙi a tsakiyar jimla. Waɗannan ƙananan abubuwa suna biyo rubutu har cikin tubali idan aka kwafo shi.

Mafi haɗari shi ne jan layin da ke nuna kuskure. Manhajar duba rubutu da ba ta da ƙamusun Hausa takan ja layi a ƙarƙashin kusan kowace kalma, har ido ya saba ya daina kula. Kalmomin da take bari kuwa su ne waɗanda suka yi kama da na harshenta. Idan marubuci ya haɗe shi da ne ya rubuta shine, manhajar Ingilishi ba za ta ce komai ba, domin akwai kalma mai wannan siffa a ƙamusunta. Ke nan kuskure ne ya sami shaidar inganci. Rabawa da haɗa kalmomi kuwa su ne inda marubutan yau suka fi tuntuɓe. A kan tebur dabam, akan yi ruwa a watan Agusta dabam. Ya zo da shi magana ce, dashi kuwa aikin manomi ne. Kowa ne ya zo a karɓe shi, amma kowane ɗalibi ya kawo littafinsa. Babu manhajar da za ta raba wa mutum waɗannan muddin shi bai san su ba.

Hujjar Masu Sassauci

Akwai masu ganin cewa duk wannan tsanani ne marar amfani, kuma hujjarsu tana da ƙarfi. Suna cewa rubutun Hausa na yau da kullum ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali, amma Bahaushe yana karanta shi ba tare da tangarɗa ba. Gari na zama da gari na tuwo siffarsu ɗaya a takarda, haka baƙi na launi da baƙi masu ziyara, kuma jimla ce take warware su. Idan jimla ta iya wannan, me zai hana ta warware kafa da ƙafa, ko kara da ƙara?

Amsa ta farko ita ce, wannan hujja da kanta take nuna haɗarin. An riga an ɗora wa mai karatu nauyi biyu, na karin sauti da na tsawon wasali. Cire ƙugiya nauyi na uku ne, kuma yana ninka ruɗanin. Baki ba tare da ƙugiya ba yana iya zama na magana, ko na launi, ko baƙin da suka sauka a gida, ko baƙin da ke kishiyantar wasali a darasin furuci. Akwai kuma jimlolin da mahalli ba ya cetonsu. Sarki ya shiga fada labari ne na kullum, Sarki ya shiga faɗa kuwa labari ne da zai iya tayar da gari. Tabo a riga da taɓo a riga duka suna yiwuwa. Kan labari, wanda shi ne abin da mafi yawan mutane ke karantawa, ba shi da dogon mahallin da zai yi bayani.

Amsa ta biyu ta shafi wane ne mai karatun. Bakano ko Badamagare yana cike gurbin ƙugiya daga abin da kunnensa ya sani tun yana goye. Amma a zangunan Kumasi da Akara, a bakin da yawa daga masu magana da Hausa bambancin k da ƙ, da na d da ɗ, ya dushe. Haka abin yake ga dubban Zabarmawa da Barebari da Fulani da Buzaye da suka koyi Hausa a kasuwa ko a makaranta. Ga irin waɗannan, rubutu ne malamin da ke nuna musu cewa kalmomin biyu ne. Idan rubutun da suke gani kullum ya shafe bambancin, to ba su da inda za su koye shi. Nijar ta fara gwajin koyarwa da Hausa a makarantar firamare a Damagaram tun 1973, kuma yaron da aka koya wa ƙa'ida a aji, idan ya buɗe waya ya ga malamai da ƴan jarida ba sa bin ta, zai ɗauka ƙa'idar ta jarrabawa ce kawai.

Amsa ta uku ita ce, mutane ba su kaɗai ke karanta abin da aka wallafa ba. Tun da Google ya sanya Hausa cikin manhajarsa ta fassara a 2013, na'urorin fassara da na mayar da magana rubutu suke ta ƙaruwa, kuma daga rubutun da ke intanet suke koyon harshe. Abin da aka zuba musu shi za su mayar. Idan rabin abin da suka karanta ya rubuta kasa a inda ake nufin ƙasa, haka za su riƙa rubutawa, mutane kuma su kwafa daga gare su su sake wallafawa. A 2025 hukumomin Nijar suka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Idan wannan mataki ya tabbata a aikace, sanarwar hukuma da bayanin lafiya da takardun makaranta za su riƙa fita da Hausa, kuma a irin waɗannan manhajoji za a tsara su. Sakacin da ake yafewa a hirar WhatsApp tsakanin abokai ba zai yiwu a yafe shi a takardar da ke bayanin magani ko doka ba.

Akwai dai wuri guda da masu sassauci suke da gaskiya. Harafi mai ƙugiya ba ya zama lafiya a cikin adireshin intanet, domin idan aka kwafo adireshin, ƙ takan rikiɗe ta zama %C6%99, adireshin ya yi tsawo ya yi muni. Sabuwar manhajar tana bai wa marubuci damar gyara adireshin da hannunsa, kuma babu laifi a rubuta shi da haruffa marasa ƙugiya, tunda lamba ce ta isa ga rubutu. Kan maƙala da cikinta kuwa haƙƙinsu ne a rubuta su daidai.

Tsawon Jimla da Salon Hausa

Bayan haruffa akwai salo. Tsarin tubali yana jan hannun marubuci zuwa ga gajerun sakin layi da jerin abubuwa masu ɗigo a gaba, domin su ne suka fi kyan gani a waya. Akwai kuma ƙarin manhajoji da ake liƙawa domin auna sauƙin karatu, waɗanda ke kunna jar fitila idan jimloli masu fiye da kalma 20 suka yi yawa. Da Ingilishi da wasu harsunan Turai aka auna wannan mizani. Hausa tana rubuta lamirin suna da harafin lokaci da ƙananan kalmomi a rarrabe, don haka sun ce za su zo da shi kalma bakwai ce, alhali numfashi ɗaya ake faɗin ta. Jimlar Hausa mai kalma 30 tana iya zama mai sauƙi ƙwarai. Bugu da ƙari, zuben Hausa yana tafiya ne da sai da kuma da domin da har, waɗanda ke ɗaure aukuwa da aukuwa, su nuna dalili da sakamako. Wanda ya datse su domin fitila ta koma kore ya raba hujja da abin da take kafawa. Jeri mai ɗigo yana da amfani wajen lissafa rabe-raben suna ko sunayen littattafai, amma ba a kafa hujja da shi. Kunnen marubuci, idan ya karanta abin da ya rubuta da ƙarfi, ya fi wannan fitila sanin inda jimlar Hausa ta yi nauyi.

Kammalawa

Abin da ake bukata ba shi da tsada. Sassan koyar da Hausa, a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai da takwarorinta na sauran ƙasashe, za su iya shigar da girka allon Hausa da zaɓen salon haruffa cikin darasin ƙa'idojin rubutu na shekarar farko, su kuma daina karɓar aikin ɗalibi da aka buga da tsofaffin salo masu ɓoye q da x. Tsofaffin kundayen da ke ajiye a kwamfutocin sassan suna bukatar a mayar da su Unicode tun waɗanda suka san yadda aka buga su suna nan. Fassara WordPress zuwa harsuna aikin masu sa kai ne, ƙofarsa kuma a buɗe take, don haka malaman da suka ƙware a ƙirƙirar kalmomi suna da gurbi a can. Jerin kalmomin da manhajar duba rubutu ke bukata ana iya gina shi daga ayyukan da ke hannu, kamar Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 da ƙaramin ƙamusun Hausa zuwa Faransanci na Abdou Mijinguini, idan masu haƙƙinsu suka amince.

Kafin waɗannan su samu, nauyin yana kan mai riƙe da madannin wallafa. Ya saita harshen rubutunsa a kan Hausa, ya kashe gyaran da na'ura ke yi da kanta, ya duba ƙugiya da rabon kalmomi sau ɗaya bayan ya gama duba ma'ana, ya buɗe rubutun a waya ya ga yadda zai isa ga mai karatu. Idan da hali, ya ba wani ya karanta masa, domin ido ba ya ganin kuskuren da hannunsa ya yi. Wannan shi ne aikin da ma'aikatan Zariya da na Yamai suka yi wa marubutan da suka gabata, kuma sabuwar manhajar ba ta soke shi ba, ta dai miƙa shi ga marubuci.